Talla ba tsoratarwa ba zuzutawa, to me zai sa mutum ya saya?

Wani dare ina neman kwas na koyon haɗa bidiyo a intanet sai na faɗa wani shafi, can samansa akwai wani agogo ja yana ƙirgawa da baya, wai saura minti 14 rangwame ya ƙare, a ƙasansa kuma an rubuta wai gurbi 3 kacal suka rage. Gurbi kuma fa a kwas ɗin da bidiyo ne aka ɗauka aka ajiye, wanda ko mutum miliyan ne suka saya ba abin da zai ragu, amma a lokacin wallahi ban yi wannan tunanin ba, har na ɗauko kati zan biya sai cajin wayata ya ƙare. Da safe na buɗe shafin a kwamfuta ina cewa shi kenan na yi asara, sai ga agogon nan yana nan a minti 14, gurbi 3 suna nan daram. Na sabunta shafin, ya koma minti 15 ya fara saukowa. Ban saya ba. Kuma abin haushin mai yiwuwa kwas ɗin mai kyau ne, amma daga lokacin duk wata magana da ke shafin, har da wadda gaskiya ce, sai na fara kallonta da idon wannan agogon.

To bari mu fara da abin da masu rubutun talla ba sa son a musa musu, don suna da gaskiya a kai: tsoro yana sayar da kaya. Wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Daniel Kahneman da Amos Tversky, tun 1979 suka fito da bayanin cewa zafin rasa abu ya fi daɗin samun irinsa nauyi a zuciyar mutum, daga baya ma suka kimanta shi da kusan ninki biyu. Shi ya sa "kar ka bari ya wuce ka" ya fi "zo ka samu" saurin sa yatsa ya danna. Kuma ba yau aka fara ba. Listerine da ake kurkure baki da shi asalinsa a 1879 maganin kashe ƙwayoyin cuta ne na wajen tiyata, sai a shekarun 1920 kamfanin ya tono wata kalmar likitanci ta warin baki, halitosis, ya riƙa buga tallar wata budurwa da kullum ita ce ƙawar amarya ba ta taɓa zama amarya ba, wai bakinta na wari kuma ko aminanta ba za su gaya mata ba. Ka lura da dabarar, an ba ka matsalar da kai ba za ka iya ji da kanka ba, kuma an ce ba wanda zai faɗa maka, to ta ina za ka tabbatar ba ka da ita? Ciniki ya ninka sau da yawa cikin 'yan shekaru. Wannan ba wanda zai ce bai yi aiki ba.

Sai dai akwai wurin da tsoro ke tsayawa, kuma gwajin da ya fi burge ni a kai shi ne na Howard Leventhal da abokan aikinsa a jami'ar Yale a 1965. Sun raba wa ɗalibai takardun bayani kan cutar tetanus mai sandarar da jiki, wasu an ba su mai ban tsoro da hotunan marasa lafiya, wasu an ba su mai sauƙin lafazi. Waɗanda aka tsorata sun fi cewa lallai za su je su yi allurar rigakafi. Da aka bi sawu aka duba wa ya je, sai aka ga yawan tsoron bai canja komai ba. Abin da ya canja shi ne wata 'yar taswirar makarantar da aka ba wasu, an zagaye asibitin da biro, an rubuta lokutan da ake allurar, aka ce su duba jadawalinsu su zaɓi lokacin da za su je. Cikin masu taswira kusan kashi 28 cikin 100 sun je, marasa ita kusan kashi 3. Kuma fa ɗaliban nan sun daɗe a makarantar, sun san inda asibitin yake. Kenan abin da ya tsaya tsakaninsu da allurar ɗan ƙaramin tarnaƙi ne na yaushe zan je, ta ina zan bi, kuma duk hotunan ban tsoron nan ba su taɓa wannan tarnaƙin ba.

Wata malama Kim Witte a 1992 ta tsara abin da kyau, ta ce idan ka tsorata mutum hanya biyu gare shi. In ya ga akwai mafita kuma zai iya, sai ya tunkari haɗarin. In bai ga mafita ba ko ya ga ta fi ƙarfinsa, sai ya koma maganin tsoron da ke ransa kawai, ya kau da kai, ya ce ƙarya ne, ya rufe shafin. Ga kuma abin da Jack Brehm ya bayyana tun 1966, cewa mutum in ya ji ana neman ƙwace masa zaɓi sai ya turje, ko da abin da ake tura shi kai yana so. Duk wanda mai sayar da kaya ya taɓa riƙe wa riga ya san wannan jin, kana son kayan amma sai ka fizge ka tafi.

Zuzutawa ita kuma matsalarta daban, ita ba ta da zafi, rashin nauyi ne ke damunta. "Mafi inganci a duniya", "ba a taɓa yin irinsa ba", "zai canja rayuwarka gaba ɗaya", ka ɗauki kowace ɗaya daga cikinsu ka manna wa katifa ko manhajar lissafi ko man shafawa za ta zauna daidai, kuma jimlar da za ta zauna a kan kowane kaya ba ta faɗi komai game da naka ba. Idon mai karatu ya riga ya koyi tsallake su kamar yadda ake tsallake kwata. A 1997 Jakob Nielsen da John Morkes sun gwada wannan, suka ɗauki shafi ɗaya suka rubuta shi kala-kala suka ba mutane su nemi bayani a ciki, wanda aka cire masa kalaman yabon kai kawai aka bar zallan bayani ya fi na asalin sauƙin amfani da kashi 27 cikin 100, da aka haɗa da taƙaitawa da tsara shi yadda ido zai bi da sauri ya kai kashi 124. Bayanin da suka bayar ya kwanta min, wai duk kalmar zuzutawa aiki ce ka ɗora wa mai karatu, sai ya tsaya ya tace ta ya zubar kafin ya kai ga abin da ya zo nema.

Hukuma ma ba ta barin abin a banza, a taƙaice dai. A Amurka hukumar kare masu saye ta FTC ta sa kamfanin takalma Skechers ya biya dala miliyan 40 a 2012 kan cewa takalminsa na rage ƙiba da ɗaure tsoka, a 2016 kuma masu manhajar wasan ƙwaƙwalwa Lumosity suka biya dala miliyan 2, hukumar ta ce sun yi amfani da tsoron da mutane ke yi na ruɗewar tsufa ba tare da hujjar kimiyya ba. Shi kansa Listerine a shekarun 1970 an tilasta masa ya riƙa faɗa a cikin tallarsa cewa ba ya hana mura. Tarayyar Turai tun 2005 ta haramta ƙaryar cewa kaya na ɗan lokaci ne kawai don a sa mutum ya yanke shawara a gaggauce, a 2019 kuma hukumar gasar kasuwanci ta Birtaniya ta sa manyan shafukan kama ɗakin otal irin su Booking.com da Expedia da Agoda suka ɗauki alkawarin daina ba mutane hoton ƙarya na cewa ɗakuna na ƙarewa, misali a ce maka mutum kaza na kallon otal ɗin nan yanzu alhali ranakun da suke nema daban ne da naka. A shekarar dai masu bincike na jami'ar Princeton suka bi shafukan sayayya kusan 11,000 suka tsinci dabarun yaudara sama da 1,800, har da irin agogona mai komawa baya.

To in an cire waɗannan biyun me ya rage a hannun mai rubutu? Ni abin da na lura da shi duk lokacin da na kama kaina ina rubuta "na musamman" ko "kar ka yi sake", in na bincika sai in ga ban san kayan ba ne sosai, ko ban san mai sayen ba. Ramin jahilcina nake cikewa da surutu. Marubucin talla David Ogilvy da aka ba shi tallar motar Rolls-Royce a 1958 mako uku ya yi yana karanta bayanan motar kafin ya rubuta komai, kuma kanun da ya fito da shi cewa kawai ya yi a gudun mil 60 cikin awa ƙarar da ta fi kowace ƙarfi a cikin motar nan ta agogon lantarkinta ce. Babu "ƙasaita" babu "alfarma" a jimlar, amma kana karantawa ka ji kanka zaune a ciki shiru. Kuma maganar ma ba shi ya ƙirƙiro ta ba, a rubutun wani editan mujallar motoci ya tsince ta. Haka Apple a 2001 da iPod ɗinsu na sauraron waƙa, na'urar gigabait 5 ce, lambar da a lokacin ba ta nufin komai ga yawancin mutane, sai suka ce waƙa 1,000 a aljihunka. Lambar dai ɗaya ce, an juya ta ne zuwa ma'aunin da mai saye ke rayuwa da shi.

Bari in kawo shi kusa da abin da kowa ya sani, a ce fawa bank kake sayarwa mai mAh 10,000, wato ma'aunin yawan cajin da batiri ke ɗauka. Rubutun da aka saba gani shi ne: "Kar wayarka ta mutu a lokacin da rayuwarka ke cikin haɗari! Fawa bank mafi ƙarfi, caji ba iyaka, saura kaɗan ya ƙare!" Yanzu ka zauna da kayan a hannu ka yi masa tambayoyi. Batirin da ke ciki volt 3.7 ne, waya kuma ta igiya a volt 5 take karɓa, wajen juyawar nan da zafin da ke fita ana asarar wani kaso, abin da ke isa wayar a zahiri wajen mAh 6,000 da wani abu ne, kenan waya mai batirin 5,000 zai cika ta sau ɗaya da ɗan ƙari, ba sau huɗu ba. Ka ɗora shi a sikeli, a ce ya ba ka giram 220. Ka shanye shi tas ka sa a caji ka duba agogo, a ce awa 4. Ka lissafa ƙarfinsa, 37 Wh ne a ma'aunin wutar da batiri ke riƙewa, ƙasa da iyakar 100 da kamfanonin jirgin sama suka saba yarda a shiga da shi a jakar hannu. Sai ka rubuta: "Yana cika waya mai batirin 5,000 sau ɗaya, ya rage na kiran gaggawa. Nauyinsa kusan na wayarka ne, yana shiga aljihu. Shi kansa awa 4 yake ɗauka ya cika, ka sa shi da dare. Ana shiga jirgi da shi a jakar hannu. In kwamfutar tafi-da-gidanka kake son cajawa wannan ba zai yi maka ba, ka duba babban." Wani zai ce ai ka rage wa kayan daraja da ka ce sau ɗaya. Amma wanda ya saya a kan alkawarin sau huɗu a rana ta biyu zai gane, kuma shi ne zai dawo ya rubuta sharhi mai tauraro ɗaya wanda mutum ɗari za su karanta, gani ya kori ji.

Wannan jimlar ta ƙarshe, "wannan ba zai yi maka ba", ita ce ta fi wahalar rubutawa, ita ce kuma mai kamfani ke fara gogewa in ka miƙa masa aiki, na sha gani. Amma ita ke ba sauran jimlolin ƙarfi. Kamfanin hayar motoci Avis a farkon shekarun 1960 yana bayan babban abokin gasarsa Hertz, sai tallarsa ta fito fili ta ce mu ne na biyu shi ya sa muka fi ƙoƙari, kuma ba ta tsaya nan ba ta lissafa ƙananan abubuwa, ba za mu iya ba ka mota da datti ko rabin tanki ba, layin da ke gaban teburinmu ya fi gajarta. Wanda ya yarda ya ce shi na biyu ne, in ya ce maka layinsa gajere ne sai ka yarda. Kamfanin tallar da ya yi wannan, DDB na Bill Bernbach, shi ne a 1959 ya sa 'yar ƙaramar Volkswagen a lungun babban shafi fari a lokacin da Amurkawa ke gasar dogayen motoci, ya ce a yi tunanin ƙarami, a 1960 kuma ya buga hoton motar da kalmar da Amurkawa ke kiran mota mai matsala da ita, ya ba da labarin yadda mai duba inganci a masana'anta ya hana ta fita saboda ɗan tabo a jikin ƙarfen adon akwatin gaba. Sun faɗi aibi ɗan ƙarami, mai karatu da kansa ya kai ga babban yabo. Ko a taurarin sharhi haka abin yake, binciken cibiyar Spiegel ta jami'ar Northwestern ya nuna mutane sun fi sayen kayan da makinsa ke tsakanin 4 da 4.7 fiye da mai 5 cif, don biyar cif kama da shiri yake yi.

Amma a kula, wannan ma ana iya mayar da shi wasa. Akwai masu faɗin aibin ƙarya irin "matsalarmu ɗaya kayanmu na saurin ƙarewa", wannan zuzutawa ce ta sa rigar tawali'u kuma mutane na ganewa. Aibin da zai yi aiki shi ne wanda da gaske zai sa wani ya fasa saye, wanda dama bai kamata ya saya ba.

Sai maganar da na san za a yi, to mai sayar da inshora ko manhajar adana bayanai ko na'urar gano hayaƙi fa, shi da kayansa gaba ɗaya a kan haɗari aka gina su? Ba wanda ya ce ya ɓoye haɗarin. Faifan ajiyar kwamfuta yana lalacewa, waya na ɓata, gobara na tashi, faɗin haka bayani ne kuma mai saye na da haƙƙin ya ji. Inda layin yake a ganina wuri uku ne da ke haɗe da juna, shin girman haɗarin da ka zana daidai yake da na gaske, shin kayanka da gaske yana maganinsa, shin ka ba mutum taswirar nan ta Leventhal ko kuwa ka bar shi da bugun zuciya kawai. "Hotunan 'ya'yanka za su ɓace har abada yau da dare" da "in wayarka ta ɓata hotunan da ba ka adana a wani wuri ba sun tafi, saitin nan minti 3 yake ɗauka, ga yadda ake yi", haɗari ɗaya suke magana a kai, amma na biyun ka iya karanta wa mahaifiyarka shi ba ka ji kunya ba. Gaggawa ma haka, in da gaske ranar Juma'a za a rufe rajista don malami mutum 20 kawai zai iya duba wa aiki, faɗi ranar ka faɗi dalilin, kuma ranar Asabar a ga ƙofar a rufe. Ranar da ka "ƙara kwana biyu saboda yawan buƙata" a karo na uku, duk wanda ke cikin jerin imel ɗinka ya koyi cewa wa'adinka ba wa'adi ba ne, kuma ba zai manta ba.

Inda abin ke da wuya da gaske shi ne wajen awo. In ka raba masu ziyara biyu, rabi su ga agogon ƙarya rabi su ga bayani zalla, ka ƙirga dannawa na mako ɗaya, akwai yiwuwar agogon ya ci, ba zan yi maka ƙarya ba. Matsalar ita ce ribar agogon a take ake ganinta a allo, asararsa kuma a warwatse take zuwa a hankali, a wajen masu neman a mayar musu da kuɗi, da masu cire kansu daga jerin imel, da masu kai ƙara banki a janye kuɗin, da wanda ya saya sau ɗaya bai sake dawowa ba, da irina da na rufe shafin ban ce wa kowa komai ba, ni ba na cikin kowane lissafi. Don haka in za a gwada a gwada har ƙarshe, a bi rukunin biyu wata uku ko shida a ga nawa suka rage a hannu bayan an cire waɗanda aka mayar wa kuɗi, nawa suka sake saye.

Kalmomin kansu kuma ba a ƙwaƙwalwarka za ka samo su ba yawanci. Ka buɗe saƙonnin da kwastomomi ke turowa kafin su saya, ka karanta sharhi masu tauraro uku na kayanka da na abokan gasarka, su ne masu faɗin abin da ya yi da abin da bai yi ba a jimla ɗaya. Tambayar da ta maimaitu sau biyar ita ce tarnaƙin, zai yi da irin wayata, in bai yi min ba zan iya mayarwa, wa zai biya kuɗin aikowa, kwana nawa zai iso, in na yi rajista za a riƙa cirar min kuɗi duk wata ne ba da sanina ba. Amsoshin nan su ya kamata su zauna kusa da maɓallin saye a daidai wurin da agogon ja yake zama, da lamba da rana, "kana da kwana 30 ka mayar, mu za mu biya aikowa, kuɗinka zai dawo cikin kwana 5 na aiki", in dai haka tsarin naku yake da gaske, in kwana 14 ne a rubuta 14. Shi kansa maɓallin ya faɗi abin da zai faru in an danna, "fara gwajin kwana 7, ba a buƙatar kati", na ƙin karɓa kuma a bar shi "a'a, na gode" kawai, ba irin wanda ake rubuta wa "a'a, ni na fi son in ci gaba da asara" ba.